Kwana Bakwai da Kotu Ta Ba Bhuri

"Ba ita ba ce! Ku sake ta, na ce muku ba ita ba ce!"

Asenaca ta jefar da gwazar da take ferewa ta fito a guje. Motar hukumar gari na tsaye a bakin kwalbati, ma'aikata biyu sun zarga wa wata tsohuwar karya igiya a wuya suna jan ta. A barandar gidan da ke jikin nata, maƙwabcinta Shiu Narayan, mai ihun, ya rungume ginshiƙi yana haki. Ƙafafunsa sun kumbura, matakala uku kacal amma ya kasa saukowa.

"Ƙanwata, gaya musu! Bhuri haƙoranta uku suka rage, kamar ni. Da me za ta ciji mutum?"

Asenaca ce silar zuwan motar. Wata uku da suka wuce karnuka huɗu suka tare jikarta Litia a hanyar makaranta, ta gefen gonar rake, suka yaga mata cinya, sai da aka yi ɗinki goma sha bakwai. Asenaca ta bi gida gida da takardar koke, ta tsaya gaban alƙali ta yi magana har muryarta ta dushe. Wasu sun nemi a zuba guba, masu kula da dabbobi suka ce ba su yarda ba. Alƙali ya yanke cewa ba guba, ba harbi. Duk karen da ba shi da rajista a kama shi a ajiye kwana bakwai. Wanda ya kewaye gidansa da shinge ya zo ya sa hannu ya karɓi nasa, wanda ba a zo nema ba a yi masa allurar da ba ya tashi.

Ranar hukuncin Asenaca ta yi murna. Litia ta ce ɗaya daga cikin karnukan mai ruwan ƙasa ne, Bhuri ma ruwan ƙasa ce, amma haka rabin karnukan unguwar suke.

Shekara ashirin da shida suna maƙwabtaka da Shiu. Ya tsufa yana saran rake, matarsa ta rasu, 'ya'yansa biyu suna Auckland, can ƙetaren teku. Tun da likita ya ce zuciyarsa ta gaji, ita ke kai masa abinci. Da yamma ta kai masa rogo da kifi a ruwan kwakwa, da safe ta tarar da kwanon yadda ta ajiye shi.

"Yaya Shiu, ka ci ko loma biyu."

"Ita Bhuri me ta ci?"

"Suna ba su abinci a can."

"Ba ta ci sai an jiƙa mata da shayi. Wa zai jiƙa mata?" Ya juya fuskarsa bango. "Ban ga laifinki ba. Da jikata ce, ni ma kotun zan je."

Da zaginta ya yi, da ya fi mata sauƙi.

Rana ta uku ta bar kayanta a kasuwa hannun wata, ta hau bas zuwa inda ake tsare karnukan. Tun daga bakin titi haushi ke tashi. Jami'in wurin, wani dogo mai suna Ilisoni, ya duba littafinsa ya ɗago kai.

"Mama, ba ke ce kika kai ƙarar ba?"

"Ni ce. Yau kuma karya na zo karɓa."

"Mai ita zai zo da kansa."

"Mai ita ko bayan gida sai an riƙe shi."

"To sai dai a sa sunanki, kuma sai na zo na ga shinge da idona. Umarnin kotu ne, in na karya ni za a ɗaure."

"Ɗana, mutumin nan mutuwa zai yi. Ka ara mini ita yini ɗaya, in dawo maka da ita a kaina."

"Ba zan iya ba, Mama."

Ta koma gida ta shiga jan tsofaffin kwanukan rufi da guguwar bara ta yaye, tana jingina su a bayan ɗakin girkinta. 'Yarta Mereoni, uwar Litia, ta dawo daga aiki ta tsaya tana kallo.

"Inna, me kike ginawa?"

Da ta ji amsa sai ta ajiye jakarta a ƙasa. "A gidan nan? Yarinyar da har yau in ta ji haushi take fitsari a tsaye? Ko kin manta wa ya riƙe mata ƙafa ana ɗinki?"

"Ban manta ba."

"To wallahi ranar da karyar nan ta shigo, ni da Litia mun fita."

Asenaca ta ci gaba da haƙa ramin dirka da adda ita kaɗai. Ƙasar ta yi tauri, hannunta ya yi bororo ya fashe. Kwana biyu tana yi, gefe biyu kawai ta tayar cikin huɗu. Maza na zaune ƙarƙashin mangwaro suna shan yaqona, jiƙon saiwar da suke hira a kansa, ba wanda ya taso, duk sun sa hannu a takardarta.

Rana ta biyar Shiu ya daina shan ruwa. Ma'aikaciyar jinya ta zo ta duba shi ta ce a kira 'ya'yansa. Jirginsu sai jibi. Asenaca ta sake hawa bas, ta shiga ofishin Ilisoni ta zauna a ƙasa dirshan a gaban teburinsa.

"Mama, don Allah tashi, kin haife ni."

"Ba zan tashi ba. Ni na jawo, ni zan zauna."

Ya daɗe yana kallon takardar kotun da ke manne a bango. Can ya ce, "An ce kada ta fita daga hannunmu. Ba a ce kada motarmu ta bi ta layinku ba."

Da la'asar motar ta tsaya a ƙofar gidan Shiu. Ilisoni da direbansa suka ɗauko tsohon a tabarma, ba shi da nauyi ko kaɗan, suka ɗaga shi daidai kejin da ke bayan motar. Bhuri ta rame. Ta miƙe da ƙyar, ta tura hancinta cikin ragar ƙarfen tana wani kuka siriri. Shiu ya zura yatsu biyu.

"Tsohuwar banza," in ji shi. "Kin ga inda yawo ya kai ki?"

Ta yi ta lasar yatsun. Daga tagar gidan Asenaca, Mereoni na tsaye ta riƙe labule.

"Saura kwana nawa?" Shiu ya tambaya.

"Biyu, Baba."

Ya dubi Asenaca, bai roƙe ta komai ba. Aka mayar da shi ciki, motar ta tafi.

Washegari da hantsi tana goge masa fuska da tsumma mai ɗumi, ya ja numfashi sau biyu, na ukun bai zo ba. Ta rufe masa ido, ta gyara masa zanen rufa, ta fito ta aika a gaya wa mutanen wurin ibadarsu. Kafin azahar gida ya cika da mata cikin fararen kaya. Aka ce sai 'ya'yansa sun sauka gobe da yamma za a kai shi inda ake ƙona gawa, bisa al'adarsu.

Gobe ce rana ta bakwai. Ilisoni ya ce zai zo duba shinge da sha biyun rana, bayan nan ba abin da zai iya.

Gari na wayewa ta fita bayan ɗakin girki. Gefe ɗaya ya rage. Ta ɗaga kwanon rufin, iska ta kwashe shi ya faɗi. Ta sake ɗagawa, ta danne shi da kafaɗa tana laluben ƙusa, ya sake zamewa ya yanke ta a yatsa. Ta tsaya da guduma a hannu, hawayen da ba ta yi jiya ba suka zo mata.

Ta ji takun silifa a bayanta. Mereoni ce, da kayan aikinta a jiki.

"Ƙofar ta kalli wancan gefen," in ji ta, ba ta dubi uwarta ba. "Ba ta wajen tagar Litia ba. Kuma a sa mata sakata biyu."

Ta tuɓe silifan, ta durƙusa a cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, ta tallafe kwanon da hannu biyu. Daga gidan Shiu ƙamshin turaren wuta na tasowa. Asenaca ta goge yatsanta a zani, ta saita ƙusar.