Ƙwayar da Ta Ɓace a Ɗakin Tiyata

An gama ɗinke matar ke nan sai waya ta zo daga ɗakin gwaji: ƙarin da aka cire daga nononta ya iso, amma babu ƙwayar a cikinsa. 'Yar ƙwayar ƙarfe ce kamar shinkafa ɗaya, mai fitar da tururin nukiliya, ana dasa ta ne don ta nuna wa likita inda zai yanka. Aka auna matar, ba ta jikinta.

Dokta Terpstra ya ce, "Kowa ya tsaya inda yake. Ko bayan gida ba mai zuwa."

Wietske, nas ɗin da ta miƙa kayan aiki, ta kasa tsayuwa wuri ɗaya. Ta leƙa kwandon shara, ta ɗaga tawul, ta koma ta sake leƙa kwandon. Ƙaramin ciki gare ta, mijinta kaɗai ya sani. Na baya zubewa ya yi, shi ya sa ta ja bakinta.

Hidde, mai kula da kayan tururi na asibitin, ya shigo da na'urarsa yana tauna burodi da cuku.

Ya ce, "Ko abincin rana ba za ku bar mutum ya ci ba? Dokta, juyo nan, kai na fi zargi."

Ya auna tebur, ya auna shara, ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya, shiru. Yana zuwa kan Wietske na'urar ta hau kuka kamar gyare. Ya yi ƙasa da ita, kukan ya ƙaru. Ashe ƙwayar ta maƙale a tsagar ƙasan takalminta.

"Ga ɓarauniyar!"

Aka kwashe da dariya, ban da ita.

"Hidde, ciki gare ni fa."

Hidde ya zaro ƙwayar da hantsaki, ya jefa ta a gwangwanin dalma, sannan ya ɗago.

"Saurare ni, Wietske. Ƙarfinta kaɗan ne, kuma tsakanin tafin ƙafa da ciki akwai nisa. Tururin da ya same ki bai kai wanda mai shiga jirgin sama zuwa ƙasar Sifen ke samu a sararin sama ba."

"Ka tabbata, ko lallashina kake?"

"Yaushe na iya lallashi? Tambayi matata."

Ta yarda da shi, amma hankalinta bai kwanta ba. Da aka tashi daga aiki ta hau kekenta cikin yayyafi, ta wuce kwanar gidansu, sai wajen ungozoma. Ungozomar ta ɗora mata abin sauraro a mara, bugun zuciyar ɗan ya fito da sauri, lafiya lau. Ungozomar za ta ɗauke abin, Wietske ta riƙe mata hannu.

"Ɗan bar shi tukuna."