Alewar da Direba Ya Shanye

Tun ranar da likita ya ce Tela tana da ciwon suga, mijinta ya naɗa kansa ɗan sanda a gidan. Tsohon direba ne, ya ajiye tuƙi, ba shi da sauran aiki sai ita. Ya kwashe sukarin gidan ya miƙa wa maƙwabciya, zuma ma ya yi kyauta da ita. Shayinsa ya koma lami, yana sha yana yatsine fuska yana cewa ai haka ya fi daɗi.

Wata rana yana neman almakashi a durowar keken ɗinkinta, sai ya ci karo da alewa biyar ƙunshe a ƙyalle, can bayan zare. Ransa ya sosu. Ashe da rana magani, a ɓoye kuma zaƙi! Ya so yin faɗa, sai ya ga faɗa da tsufa ba kyan gani. Ya zauna ya tsotse su ɗaya bayan ɗaya, don dai ya ceci matarsa.

Bayan kwana uku, wajen azahar, yana bakin ƙofa da rediyonsa ya ji ƙarar keke ta tsaya. Da ma Tela ta yi allurarta ta ciwon suga da safe, ta ɗan taɓa abinci sama-sama, ta duƙufa kan wata riga da za a zo karɓa. Ya leƙa ya tarar da ita sharkaf da gumi, hannu na karkarwa, tana ta lalube a durowa.

"Malam, ina alewata?"

"Au, kin yarda taki ce? To ga sakamako, suga ya hau. Bari in ɗauko miki allura."

"Ka taɓa allurar nan, yau ka zama gwauro." Muryarta ta yi ƙasa. "Ba hawa ya yi ba, sauka ya yi. Mai ne ya ƙare a tanki, Direba."

Shi a saninsa suga hawa kawai yake yi. Amma zancen tanki ya shige shi nan take. Ya fita ba takalmi, ya buga ƙofar maƙwabciya.

"Sukari! Taimaka mini da sukari!"

"Ikon Allah, yau mai kame ne ke neman kayan laifi?"

Da ta ga idonsa sai ta bar wasa. Ta dama cokali uku a kofin ruwa, ta biyo shi da sauri. Tela ta shanye, ta jingina da bango. Direba ya tsuguna yana yi mata fifita da kwalin maɓalli, yana duban agogo. Kafin minti goma sha biyar su cika, karkarwar ta lafa. Suka soki yatsarta suka gwada suga, ta ci burodi, har ta soma gyara ɗankwali.

"Nas ce ta ce kada in rabu da alewa, saboda irin wannan ranar," in ji ta.

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Kai? Da ka kai nas ɗin kotu. Ranar ma kana waje kana koya wa direban asibiti yadda ake fakin." Ta kalle shi ta gefen ido. "To ɓera ne ya shanye mini?"

Ya sosa ƙeya.

"Ɓera mai gemu," in ji maƙwabciya, ta ɗauki kofinta tana dariya.

Direba ya ja kujera kusa da keken. "Ranar Litinin tare za mu shiga wajen nas ɗin. Ina da tambayoyi."

"Allah ya ba ta haƙuri," in ji Tela. "Miƙo mini hannun rigar can."