Farin Ƙyalle a Madafin Furera

Bayan kakar 1992 magana ta bazu a Kafin Maiyaƙi, wai sabon murhun laka mai bututu, wanda malaman gona suka koya wa mata ginawa, ya fi murhun duwatsu hayaƙi, shi ne ma ke sa su tari. Gida huɗu har sun fasa nasu.

Saude, ungozomar da ta yi ritaya, ta kasa zama. 'Yarta Furera na da ciki wata bakwai, tari kuma na neman tsaga mata ƙirji. Mijinta Mainasara ya ce ranar Juma'a zai fasa murhun a koma na da.

"Malam, ku ba ni kwana uku," in ji Saude.

"Inna, ai kowa ya faɗa."

"Kowan nan, ya auna?"

Ta yaga farin ƙyalle gida biyu. Ɗaya ta rataya a madafin Furera daidai tsayin hancin mai tuƙa tuwo, ɗaya a madafin maƙwabciya mai tsohon murhu. Sau nawa a yini take zagayowa, ta leƙa, ta shinshina, ta yi tsaki ta fita.

Rana ta uku ta shimfiɗa su a rana. Na Furera ya fi baƙi.

Abin ya tsaya mata a rai. Ta fita tsakar gida ta ɗaga kai: ana girki, amma bakin bututu ba ko sirin hayaƙi. Ta sa aka jingina tsani, ta ɗaure zani ta hau, Furera na ta salati a ƙasa. Ta zura hannu ta zaro tsohon buhu, ya yi baƙi ƙirin.

"Wa ya cusa wannan?"

Furera ta sunkuyar da kai, ta nuna rufin madafi. Zangarniyar dawa da masara ce reras a rataye, irin shukar baɗi.

"In hayaƙi bai buge su ba, ƙwari za su cinye, Inna. Me za mu shuka?"

Saude ba ta ko wanke hannu ba, ta bi gidajen da ake tari da tsaninta. Bakwai ta shiga kafin la'asar.

Ashe murhun ba shi da laifi, in ba a toshe ba yana fitar da hayaƙi waje. A duk gidajen bakwai, matan ne suka toshe bututu domin iri.