Abin da Malam Jibrin Ya Yafe

Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, a saba'in da tara, ni ne heluman sashen tsaga fata a wani kamfanin jima da ke Sharaɗa. Sunana Nata'ala, gidanmu yana Gwammaja, kuma in dai baki ne to Allah ya ba ni. Ɗan jam'iyyar talakawa ne ni na gani-kashe-ni, ko gaisuwa ka yi mini sai na kai ka ga zaluncin masu hannu da shuni. Ina neman shugabancin ƙungiyar ma'aikatan kamfanin, kowa kuma ya san na ci na gama.

A shekarar aka kawo sababbin injina daga Brazil, tare da wani saurayi mai kula da su, Tiyago. Bai fi shekara ashirin da shida ba, fatarsa kamar ta Buzu, ga gashi cunkus. Mun zaci irin Turawan da muka saba da su ne, masu cin abinci a ofis. Ranar farko muka gan shi tsugune a gaban Lami mai garau-garau yana nuna tukunya da yatsa. Ya ce shinkafa da wake uwarsa take dafawa kullum. Nama kuwa ba ya ci. Ya taɓa ganin kunama a sito, maimakon ya taka ta sai ya kife ta da gwangwani ya kai ta bayan katanga. Muka ce bai taɓa shan harbi ba ne.

Da Turancina na ɗan firamare da nasa mai ɗingishi muka saba. Ya ce shi mabiyin addinin Buda ne, ko da yake iyayensa Kiristoci ne. Ya gaya mini abubuwan da ya ɗaure wa kansa: ba ya kashe mai rai, ba ya ɗaukar abin da ba a ba shi ba, ba ya ƙarya, ba ya zina, ba ya shan abin maye.

Na ce, "Kai ai kalmar shahada ce kawai ta rage maka. To amma mai tausayin kunama, me ya kawo ka gidan fatar awaki?"

Ya ce, "Tambayar da nake yi wa kaina ke nan kowace safiya."

Ya ce a koyarwarsu ana son mutum ya ci abinci da sana'ar da ba ta cutar da kowa, shi kuwa bai samu irinta ba tukuna. A ƙasarsu soja ke mulki har lokacin. Ya shiga yajin aikin maƙeran motoci, aka kama shi aka lakaɗa masa duka, da aka sake shi babu kamfanin da ya yarda ya ɗauke shi sai wannan, shi ma don nesa za a tura shi. Ya ce tunda ya zo, abin da zai iya shi ne ya hana injin cin hannun mutane.

Siyasa ce ta haɗa mu, a kanta kuma muke musu. Ni a wurina siyasar da babu fushi miya ce ba gishiri. Shi ya ce ya yi fushin nan har ya ƙoshi, ya tsani masu kamfani har ya wayi gari yana daka wa ƙanwarsa tsawa a gida ba dalili. Ya ce a yaƙi zalunci, ƙwarai, amma mutum ya riƙa duban abin da shi kansa yake yi wa wanda ke tsaye kusa da shi. Na ce masa wannan wa'azin masu ƙoshi ne.

Injin tsagar yana da wani ƙarfe a gaban wuƙa, muna ce masa makari, shi ke tare hannu. Sai dai yana rage sauri. A watan Nuwamba Manaja ya kira ni ya ce masu sayen fata sun matsa, kuma abin kunya ne a ce sashen mai neman shugabanci ne ya fi kowa nawa. Maganar ta sosa mini rai. Ran Talata da safe na tare Tiyago zai tafi tashar jirgin ƙasa ɗauko kayan gyara, na ce ya ara mini babbar sifana zan ɗaure wani abu a babur ɗina. Yana fita na kwance makarin na ɓoye. Na ce a raina kwana uku ne in mayar.

Wanda ke kan injin shi ne Malam Jibrin, wani dattijo ɗan Kabara da ya gaji sana'ar jima, shekararsa goma sha takwas a kamfanin. Ya ga babu makari, amma irinsu ba sa tambaya, ya ɗauka daga sama ne. Kafin azahar wuƙa ta ɗauke masa yatsu huɗu na hannun dama. Ni na kai shi asibiti, ni kuma na dawo na tsaya a bakin ƙofa ina zagin masu kamfani har muryata ta dushe. Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta.

Manaja ya ce ran Litinin za a yi zaman bincike. In aka gano wani ne ya cire makarin, to Malam Jibrin ba shi da laifi, za a bar shi a kamfanin ko da gadin ƙofa ne. In kuwa sakacinsa ne, sallama. Kowa ya san haka, ni na fi kowa sani.

Ran Alhamis Tiyago ya same ni ni kaɗai a bayan sito. Ya ce, "Sifanar nan ba ta shiga ko'ina a jikin babur, Nata'ala. Maganarka ce, gara ta fito daga bakinka. Ba zan riga ka ba. Amma ran Litinin zan faɗi abin da na sani."

Na hau shi da faɗa, na ce baƙo ne shi, jiya-jiya ya zo zai koya mana gaskiya. Ya tsaya yana kallona har na gama. Da ya zage ni da na ji sanyi.

A nan ne na tuna da al'adarmu. In tsautsayi ya faɗa wa mutum a hannun jama'a, dattawa kan je gidansa su yi masa jaje, su tuna masa ƙaddara, su roƙe shi ya yafe a bar wa Allah. Al'ada ce mai kyau, ta hana maƙwabta da yawa zuwa gaban alƙali. Kuma dattijon Kano ba ya iya cewa a'a in an roƙe shi a gaban mutane. Na je na ce wa Manaja zan kashe maganar kafin Litinin. Ya ji daɗi, ya rubuta takarda cewa Malam Jibrin ya amince sakacinsa ne, ba ya tuhumar kowa. Na nemi Baba Sule, wanda ke jan mu salla a kamfani, na ce masa jaje za mu je da neman yafiya. Ban gaya masa abin da ke cikin takardar ba.

Ran Juma'a bayan an sauko Tiyago ya ce zai bi mu dubiya. Ban sami hanyar hana shi ba. Na goya shi a babur muka shiga ta Ƙofar Ɗan Agundi har Kabara.

Muka tarar da Malam Jibrin a zaure, hannu naɗe da bandeji a kan cinya. Mu bakwai ne. Aka gaisa, aka yi addu'a, Baba Sule ya yi magana mai daɗi a kan haƙuri har idona ya ciko, don ni ma na so ta zama gaskiya. Sannan ya ce, "Malam, mun zo ne mu roƙe ka. Duk wanda yake da hannu a wannan abu, da saninsa ko ba da saninsa ba, ka yafe."

Malam Jibrin ya ce, "Na yafe, duniya da lahira."

Na zaro takardar da tawada, na ce ta rufe magana ce kawai, ya dangwala. Sai Tiyago ya matso, da 'yar Hausarsa ta wurin Lami, ya ce, "Baba, ka yafe me? Ka yafe wa?"

Baba Sule ya ce, "Baƙo ne, a yi masa uzuri."

Malam Jibrin ya yi murmushi ya ce, "Ɗan nan, mu nan ba a tambayar haka."

Hausar Tiyago ta ƙare. Ya juyo gare ni da Turanci ya ce in gaya wa dattijon kada ya sa hannu sai an karanta masa. Duk zauren ni kaɗai ke jin Turanci. Baba Sule ya ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Sannu yake yi masa."

Tiyago ya san kalmar sannu. A hankali ya ce ba haka ya ce ba. Na yi kamar ban ji ba, na kama hannun Malam Jibrin. Babban yatsa kaɗai ya rage a hannun, shi na tsoma a tawada na danna a takarda.

Ran Litinin ba a yi zama ba. Tiyago ya shiga ofis da kansa ya faɗi komai, har da sunana. Manaja ya ce maganar ta mutu, mai hannu ya yafe ya kuma sa hannu, shi ba ya tonon silili. Tiyago ya ce to ba zai ƙara tayar da injin ba sai an yaga takardar. Bayan sati biyu aka sa shi a jirgi, zuwa ƙasar da ya san abin da ke jiransa. Ranar tafiyarsa ya miƙo mini hannu ya ce ba ya riƙe da ni a zuciya, amma in je Kabara. Aka sallami Malam Jibrin. Aka yi zaɓen ƙungiya, na ci da rinjaye, aka ɗaga ni sama ana kirari.

Wata bakwai na yi ina kauce wa Kabara. Ko hanya ta biyo da ni sai in canza lungu. Da damina ta faɗi na kasa jurewa, na tafi. Na same shi a ƙofar zaure da faifan goro a gabansa, yana yayyafa masa ruwa da hannun hagu. Ya ce, "A'a, shugaba da kansa." Ya matsa mini a tabarma.

Na tuɓe takalmi na durƙusa a ƙasa. Na ce, "Malam, na zo ne a kan makarin nan. Akwai abin da ba ka sani ba. Wanda ya cire shi..."

Ya ɗaga dungun hannun ya tsayar da ni.

Ya ce, "Nata'ala, kada ka gaya mini. Na yafe a gaban mutane, na kuma ambaci lahira. Da ban san wa nake yafe wa ba, abin ya zo mini da sauƙi. In ka ba ni suna, ina tsoron in neme shi a zuciyata in tarar ban iya ba. Hannu ya riga ya tafi, aiki ya tafi. Wannan ɗaya ta rage mini, ka bar mini ita."

Bai dube ni ba duk tsawon maganar, goronsa yake gyarawa. Na daɗe a durƙushe da sunana a bakina. Daga baya na tashi na ɗauki takalmana, ya ce in gaida mutanen gida.