Harajin Bai Shafe Mu Ba

Safiyatu ta gangaro daga tudun Nakkasa, unguwarsu a ƙasa mai tsarki, da gudu-gudu, goyo na rawa a bayanta, abaya a karkace, takalmi ɗaya nata ɗaya na Malam, mijinta.

"Baba Maharazu! Tayar da motar nan don girman Allah, jami'a za ka kai ni!"

Tsohon direban, mutumin Maraɗi, ya ajiye kofin shayinsa. "Ke 'yar nan, wa ya rasu?"

"Rasuwa kuma? Alheri ne, Baba! Bai shafe mu ba! Wallahi bai shafe mu ba!"

A hanya ta zazzage masa labarin, tana farawa daga ƙarshe tana komawa farko. Tun da aka sa harajin nan a kan iyalan baƙi, riyal ɗari duk wata a kan mata da kowane ɗa, barci ya ƙaurace wa gidansu. Malam, mijinta, ɗalibin hadisi ne, ɗan alawus ɗin makaranta kawai suke ci. Ya juya ya juya, ya ce ba zai iya ba, ita da jaririya su koma Malumfashi har ya gama karatu. Da safen nan ya kwashi fasfonsu ya tafi ofishin ɗalibai baƙi a buga musu bizar fita ba dawowa. Bai daɗe da fita ba sai ga Mu'minat, matar wani ɗalibin, ta zo sallama. Da ta ji dalilin tafiyar sai ta dafe ƙirji. Jiya-jiyan nan mijinta ya sabunta mata igama, takardar zama, ba wanda ya tambaye shi ko sisi. Ashe harajin na iyalan masu aiki a kamfanoni ne, ba na ɗaliban da gwamnati ta ɗauki nauyinsu ba.

"To ki kira shi mana."

"Wayar a kashe, Baba! In an riga an buga, shi ke nan, mun tafi."

Baba Maharazu ya taka mota.

A bakin ƙofar jami'a mai gadi ya ɗaga mata hannu. "Mamnu'u, ya hajja." Wato an hana, ɓangaren maza ne, mace ba ta shiga. Larabcin Safiyatu bai wuce na cinikin tumatir ba, ta haɗa da Hausa, ta haɗa da hannu, ta juya ta nuna masa goyon. Ya yi wa jaririyar murmushi, ya sake cewa mamnu'u.

Can ta hango wani ɗalibi da hula zanna, ta tare shi.

"Malam, Bahaushe ne? Alhamdu lillahi! Maigidana yana ofishinku, ka taimaka ka ce masa kar ya bari a buga, ya fito yanzu."

"To. Yaya sunansa?"

Safiyatu ta hau gyara goyo. Tun ranar da aka kai ta ɗakinsa sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba. Ko wani mai irin sunan ta gamu da shi, mai sunan Malam take ce masa.

"Malam ne," ta ce. "Dogo haka, mai gemu, yana sa tabarau."

"Baiwar Allah, nan ciki kowa malam ne, kowa da gemunsa."

Ta waiwayi Baba Maharazu. Ya buɗe hannu. "Ni ma da Malam na san shi."

"To baban wa ake ce masa? Yaya sunan yarinyar?"

"Ai 'yar fari ce," ta ce, kamar za ta yi kuka. "Ita ma ba na faɗa."

Ɗalibin ya danne dariya, ya dubi agogonsa. Safiyatu ta sunkuyar da kai ta furta wani abu can ƙasan maƙoshi, daidai lokacin da wata bas ta wuce.

"Wa?"

Ta runtse ido. "Abdulwadud! Abdulwadud na Malumfashi!"

Har mai gadi sai da ya zabura. Ɗalibin ya tattare jallabiyarsa ya ruga ciki, tana jin muryarsa yana maimaita sunan kamar mai cigiya.

Malam ya fito yana haki, fasfo a hannu, tabarau a kan hanci. "Me ya sami yarinyar?"

"An buga?"

"Ana gab da kirana aka ce iyalina na bakin ƙofa. Lafiya?"

Ta juye masa labarin gaba ɗaya ba numfashi. Ya saurara, ya ce shi fa a masallaci ya ji kowa na cewa kowa zai biya, bari ya koma ya tambaya da bakinsa. Ta tsaya cikin rana tana jijjiga goyo, tana karanto duk addu'ar da ta iya. Mai gadi ya tura mata kujerarsa zuwa inuwa.

Da Malam ya sake fitowa, tun daga nesa ta gane, don yana ƙoƙarin haɗe fuska tana ƙin haɗuwa.

"Gaskiya ne," ya ce. "Kuna nan." Ya rage murya. "An ce min kuma har shelar sunana aka yi."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Sharri ake min."

"Sake faɗa in ji yadda yake fita."

"Allah ya kiyaye!"

A mota ta karɓi wayarsa ta kunna. Ta kira Mu'minat, ta kira matar mai gidan haya, ta kira har mai sayar mata da kuka da daddawa. Sai da ta danna lambar Inna, mahaifiyarta, wayar ta fara ƙara can Malumfashi, sannan ta tuna wani abu. Inna ba ta taɓa ganin jikar nan ba.

"Safiya? Jiya na sa aka shafe ɗakinku. Yaushe ne jirgin?"

"Inna... ba ma zuwa. An ce harajin bai shafe mu ba."

Ana jin kukan akuya daga can.

"To madalla," in ji Inna. "Zama kusa da miji ya fi. Tana farke?"

"Tana barci."

"Ɗan mintsine ta kaɗan, ki kara min wayar."