Laba Ɗari Biyu Har da Takalmi

Herminia ba ta taɓa son shiga kwazazzabon nan ba, baki ne ya ja mata. Wata rana ce a wajen biki, Socorro ƙanwar mijinta tana ta cika wa mata kunne da labarin jirgin ruwan da ta shiga, har da hotuna. Da abin ya ishi Herminia sai ta ce ita kam jirgin ruwa bai burge ta ba, burinta ta hau alfadari ta gangara har gindin babban kwazazzabon gandun gwamnati da ke arewa, ta kwana a bakin kogi. Ta faɗa ne don Socorro ta yi shiru, kuma ta yi. Amma magana zarar bunu ce. Tun daga ranar dangi suka riƙe ta, duk wanda ya ga hoton wurin sai ya ce, "Ga garin Herminia."

Gaskiyar magana kuwa, ko kujera ba ta iya hawa ta rataya labule. A coci ma da aka mayar da mawaƙa bene, cewa ta yi muryarta ta dushe, ta daina. Ba wanda ya sani, har mijinta Anselmo.

Anselmo ya gama aikinsa a ramin haƙar tagulla, yana zaune a gida yana gyara abin da bai lalace ba. Wata safiya da kaka, suna karyawa, ya ajiye kofinsa ya yi gyaran murya.

"Tsohuwa, an ba mu wuri."

"Wurin me? Maƙabarta?"

"Alfadarai. Tun bara na buga waya na sa sunanmu, na ɓoye miki. Watan Janairu."

Herminia ta ajiye cokalinta. "Janairu? Cikin sanyin nan, tsoho?"

"Da bazara ba wuri, kuma zafin ƙasan ramin gasa mutum yake. Da sanyi kuwa ba cunkoso. An ce har takalmi mai ƙusa ake buga wa alfadaran saboda ƙanƙara."

"Akwai ƙanƙara a kan hanyar?"

"A sama-sama kawai, inda ya fi tsayi."

Yana kallonta fuskarsa sai haske take, kamar yaron da ya kawo tsuntsu gida. Ta buɗe baki za ta faɗa masa gaskiya, sai ta tuna yadda Socorro za ta yaɗa labarin tun daga bakin coci har shagon kitso. Ta ce, "Kai, ka kyauta."

"Matsala ɗaya ce," in ji shi, ya shafa tumbinsa. "Auna mutum suke yi kafin ya hau. Laba ɗari biyu, har da tufafi da takalmi da hula. In ka wuce ko da gashin gira ne, ka koma gida. Jiya na hau sikelin mai sayar da abincin dabbobi, na wuce da tara. Kuma da 'yar shara a jikina."

Herminia ta dubi tumbin nan da ta sha yi wa tsiya, yau ta ga ya yi mata kyau. Idan Anselmo ya faɗi a sikeli, ba tafiya, ba kuma wanda zai ce tsoro ta ji. Ta miƙa hannu ta ƙara masa gurasa.

Ya ture farantin. "Daga yau sai ganye."

Haka aka ja daga. Shi yana fita da sassafe ya hau tudun bayan gari ya sauko yana haki, ita tana gida tana soya wake da kitse har ƙamshin ya tarye shi a bakin titi. Ta tono girke-girken kakarta da ta manta da su. Ta dafa naman awaki da jan barkono, ta toya burodi mai zaƙi ta bar shi a buɗe a kan tebur, daidai inda yake zama ya karanta jarida. Anselmo ya koma karanta jarida a cikin mota.

"Ke wai me ya same ki?" ya tambaye ta wata rana, yana taunar kabeji kamar zomo. "Da can sai na roƙa kike yin burodin nan."

"Na jikoki ne."

"Jikokin suna wani gari."

"To in sun zo fa?"

Ya fara ramewa, ita kuma barci ya fara yi mata wuya. Da ta rufe ido sai ta ga kunnuwan alfadari, gaba da su kuma ba komai sai iska. Ta ga ya huda sabon rami a bel ɗinsa, ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado kamar an yi mata rasuwa.

Sai Disamba ta zo, ta zo mata da dabara.

A garin nan, Kirsimeti ba ya yiwuwa sai da tamale. Mata kan taru a gida ɗaya su kwaɓa ƙullun masara da kitse, su cusa nama a ciki, su naɗe a ɓawon masara su turara, tukunya bayan tukunya. Kowane gida kuma sai ya aika wa dangi da maƙwabta nasa. Wanda aka aika ba ya ajiyewa a ƙofa ya juya. Sai an zaunar da shi an ɗora masa na gidan, matar gidan ta tsaya a kansa tana jiran ya ce ya fi na kowa. In ya ci ɗaya ya tsaya, ya zage ta. In ya ƙi ci, gaba ce har Ista.

A bara ita da jikoki suka kai. Bana Herminia ta ce ƙafarta na ciwo, yaran kuma ba su san gidaje ba. Ta cika bayan motar da ƙunshi, ta miƙa wa Anselmo makulli.

Socorro tana wajen naɗin, ta ɗaga kai. Mace ce ƙatuwa mai ido kamar na shaho. "Matar yaya, mutumin da ke neman ramewa za ki tura gidan maƙwabciyarku Eufemia? Ita da take ɗura wa mai kawo wasiƙa har ya kasa tafiya?"

"Ai ba yaro ba ne, ya san bakinsa."

"Ke dai kamar ba kya son tafiyar nan."

"Ni? Ni da na ƙosa." Herminia ta sunkuyar da kai tana naɗi da sauri har ƙullu na tsartuwa.

"To madalla. Ni ma zan bi ku in raka ku bakin ramin, in ɗauki hoto. Kada a ce ba a yi ba."

Anselmo ya dawo da yamma yana tafiya kamar mai ciki, ya kwanta a doguwar kujera ya saki bel. "Na yi ƙoƙari, tsohuwa. A gidan Eufemia na ce likita ya hana ni, ta ce ta san likitan, shi ma ya ci shida." Washegari akwai sauran gidaje, jibi ma haka. Ramin da ya huda a bel bai ƙara amfani ba. Bayan sabuwar shekara ya koma ganye da hawan tudu, amma lokaci ya ƙure, kuma ya daina zuwa wajen mai abincin dabbobi, wai sikelinsa ƙarya yake yi.

Suka kama hanyar arewa su uku. Tun suna wuce ƙaya da duwatsu har suka shiga itatuwa masu tsayi, dusar ƙanƙara ta rufe gefen titi. Da suka isa, Socorro da Anselmo suka tafi leƙa ramin. Herminia ta ce za ta tsare kaya a mota, kada a sace musu lemo.

Ana auna mutane ne tun ana gobe tafiya, a wata rumfa kusa da garken alfadarai, iska na shiga ta ko'ina. Mai aunawar wata doguwar mace ce mai suna Twila, fuskarta ba ta san dariya ba. Ta ce kowa ya hau sikeli da duk abin da zai sa gobe. Herminia ta hau, allurar ko rabi ba ta kai ba. Anselmo ya hau da rigarsa ta fatar tunkiya da manyan takalma, ya ja numfashi ya shanye ciki.

"Sakar da shi, baba," in ji Twila. "Sikeli ba ya ganin wannan. Ka wuce da huɗu."

Herminia ta ji wani sanyi mai daɗi ya sauka mata har ƙafa. Ta shirya fuskar baƙin ciki, ta matso za ta ce ba komai, Allah bai nufa ba.

Anselmo bai sauka ba. Ya zaro makullai da wuƙar aljihu da walat ya miƙa mata. Ya cire hula. Ya cire agogo. Mutanen da ke layi suka daina hira. Ya cire rigar fata, ya cire ta ulu, ya tsaya daga shi sai singileti, furfurar ƙirjinsa na kaɗawa, leɓɓansa sun fara canza launi. Allurar ta ja baya ta tsaya ƙasa da layin ɗari biyu.

"Yanzu ka shiga," in ji Twila. "Amma ba na sa mutum a kan alfadarina ba rigar sanyi. Gawa ta fi mai rai wuyar fitarwa daga ramin nan."

"In cire haƙoran?" ya tambaya, da gaske yake. "Na roba ne."

Wani a layi ya yi dariya ya mayar da ita tari. Twila ta girgiza kai.

Anselmo ya juyo ya dubi matarsa, haƙoran da ya yi tayin cirewa suna kaɗawa. "Ki yafe ni, tsohuwa. Shekara da shekaru kina son abu ɗaya, na kasa riƙe bakina. Amma ba za ki rasa ba." Ya dubi Twila. "Ƙanwata za ta iya karɓar wurina?"

"In ta shiga sikeli."

"Ina shiga," in ji Socorro, har ta fara miƙa wa wani kyamararta. "Ni ƙashi ne da ni, ba kitse ba."

Herminia ta tsaya da makullai a hannu. Ta ga kanta a kan siririyar hanyar nan mai ƙanƙara, tana kuka tana kiran waliyyai, Socorro na bayanta tana gani da idonta. Ta kuma ga tsohon nan tsirara rabi a gaban baƙi, yana neman gafararta a kan tarkon da ita ta ɗana masa. Ko ita ba za ta iya cewa wanne ya fi tura ta ba.

"Socorro, cire rigarki."

"Me?"

"Rigar nan taki ta gashin tsuntsu, ai ba ta da nauyi. Cire ki ba yayanki, ki sa tasa."

"Sabuwa ce fa. Zai buɗa min ita."

"Ke kika riga kika buɗa ta. Cire, mutum na daskarewa."

Socorro ta duba, ta ga duk layin ita ake kallo. Ta cire tana gunaguni. Rigar shunayya ce mai sheƙi, da gashi a wuya kamar na kyanwa. Anselmo ya mayar da ta ulu, ya ɗora ta Socorro a kai, zif ya hau da kyar. Herminia ta zura agogonsa da wuƙarsa a nata aljihun, ta ce daga yau nata ne. Allurar ta yi rawa, ta yi rawa, ta kwanta a kan layin daidai.

Twila ta daɗe tana kallon allurar. "Ka shiga. Kada ka ci abincin dare kamar na Kirsimeti."

Da safe sanyi kamar zai tsaga dutse. Aka ɗora Herminia a kan wata alfadara mai furfura a baki, ƙasa ta yi mata nisa tun ba a je ko'ina ba. Can gaba kaɗan duniya ta ƙare, sai jan dutse yana sauka yana sauka, fari a samansa, gindinsa ba a gani. Socorro na jikin shinge cikin rigar fatar tunkiya, kyamara a ido.

Jagoran tafiyar ya juyo a kan sirdinsa. "Alfadari gefen rami yake bi, haka halinsa yake, kada ku ja shi. Wanda ya san yana tsoron tsayi ya faɗa yanzu, in sa shi a bayana."

Ba wanda ya ɗaga hannu. Herminia ta dubi ramin, ta dubi Socorro. Ta ɗaga hannu, ta ɗaga shi sosai yadda jagoran ba zai kuskure ba. Ta ji ƙarar kyamara.

"Tsohuwa?" in ji Anselmo daga bayanta. "Tun yaushe?"

"Tun da aka haife ni."

Aka ja alfadararta gaba. Sai ya ce a hankali, "To gidan Eufemia da kika tura ni..."

"Riƙe linzaminka, tsoho. Kuma ka matso kusa, ka yi ta magana kada ka daina."

"Maganar me?"

"Ko ta mece ce."

Alfadarar ta sa ƙafa a kan ƙanƙara, ƙusoshin suka yi ƙara. Herminia ta kafa ido a ƙeyar jagoran ta ƙanƙame sirdi da hannu biyu. A bayanta Anselmo, cikin rigarsa shunayya, ya fara ba ta labarin yadda ake gyara famfon ruwa, tun daga farko.