Saniyar Hajaratu

Ranar Laraba saniyar Hajaratu ta daina cin abinci. Ita kaɗai ta rage mata daga gadon mahaifinta, ga shi saniyar tana da ciki. Mijinta Dalhatu, manomi a Masanawa, ya zaga saniyar, ya taɓa hancinta ya ji shi a bushe, sai ya zauna a gindin ɗorawa ya ciro waya.

Akwai manhajar nan mai amsa tambaya, wadda yake yi wa magana a kan taki da iri. Ya yi mata sallama, ya tambayi gajiya, sannan ya faɗi damuwarsa. Ta faɗa masa abubuwan da kan jawo haka, ta ce ya ware saniyar a inuwa, ya ajiye mata ruwa.

"Amma ni ba likitar dabbobi ba ce, kuma ban ga saniyar ba," in ji ta. "Ka kira likita yau."

Dalhatu ya yi murmushi. Shi ai ya san halin manya. Malamin da ya karantar da shi, in aka kai masa fatawa, cewa yake shi ɗalibi ne, sai an yi ta roƙo kafin ya buɗe baki. A garinsu mai cewa ya sani shi ake gudu. Tunda wannan ta ƙi amsa sunan likita, lallai babbar likita ce, kunya kawai take ji.

Sai ya shiga lallashi. Ranar Alhamis ya kira ta Likita, ya yi mata addu'a, ya roƙi sunan allura da yawan da za a yi. Ta ce ba za ta rubuta magani ga dabbar da ba a duba ba, ya nemi likita a Kabo. Hajaratu ma ta faɗi haka, ya ce ta yi haƙuri, an kusa shawo kan manhajar.

Ranar Juma'a saniyar ta kwanta, ta kasa tashi. A nan tsoro ya kama shi, ya hau babur ya ɗauko likita.

Likitan ya durƙusa, ya duba ido da dasashi, ya tambayi yaushe abin ya fara. Dalhatu ya ce shekaranjiya. Mutumin bai ko buɗe jakarsa ba.

"Malam, a kawo wuƙa kafin ta zama mushe."

Hajaratu ce ta shiga ɗaki ta ɗauko, ta miƙa wa mijinta ba tare da ta dube shi ba.